Ba'amurken da Alhaji bai yarda akwai shi ba

Shekara tara ke nan da rasuwar abokina Bashir, kuma har yau akwai gidajen da ba a ambatar sunansa a unguwarmu ta Cheetham Hill, nan ƙasar Turawa.

Daga Zariya ya zo jami'a, yana bincike kan wani marubuci Ba'amurke da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa manyan garinsu zambo cikin littattafai. Ni ɗan zangon Kumasi ne, kwali nake ɗauka a sito, karatuna bai wuce firamare ba. Amma duk Lahadi in mun taru shan shayi a flat ɗina, Bashir kan juya mana labaran zuwa Hausa. Akwai wani attajiri a ciki da ba ya ba da sadaka sai an kira sunansa a gaban jama'a. Bashir ya iya kwaikwayon murya. Mun yi dariya har da hawaye.

Zancen ya kai kunnen Alhaji Mamuda, shugaban jama'armu. Ya tare Bashir bayan Juma'a: "Yaro, babu wani Ba'amurke. Da ni kake."

"Baba, ai marubucin ya mutu tun ba a haife ka ba."

Mutane suka tuntsure da dariya, shi ke nan magana ta lalace. Ranar jana'izar Bashir liman ya ce a yafe wa mamaci, kowa ya amsa. Alhaji ya kalli takalminsa. Bayan takaba matar Bashir ta kwashe yara ta koma Erdington, wata unguwa a wani gari, don ta gaji da gaisuwar da ba a amsawa.

Yanzu babbar 'yar Bashir, Zainab, za ta yi aure. Dangin ango sun ce sai sun ga dattawanta, kuma ba wanda zai taka wurin in Alhaji bai taka ba. Na je na durƙusa masa. Ya ce a aika wa Ba'amurken, ya zo ya ɗaura.

Da Bashir na nan, na san cewa zai yi an samu sabon babi. Ni ban ga abin dariya ba. Wancan marubucin ya bar suna a duniya, namu ya bar wa marainiya gaba.

Jiya na kira ta, na ce ko ni kaɗai ne zan tsaya mata waliyyi. Ta ce, "Kawu, amma dai ba da wannan jakit ɗin na sito ba, ko?"

Bakin ubanta ne sak. Allah Ya jiƙan Bashir, ita kuma Allah Ya haɗa ta da surukai masu haƙuri.