Zabuwar Kaka Ige

A gidanmu na Sabon Birni ba a kashe wutar tuwo sai Kaka Ige ta gama tatsuniya. Da an sallame isha'i za ta sa a jawo mata tabarma gindin murhu, ta tura karan dawa cikin garwashi, ta binne gujiya a toka. Mu jikoki tara muke kewaye ta. Takwas suna da tsagen Gobir, daga gefen baki har kusa da kunne. Ni kaɗai ce fuskata sumul.

Ita ta haifi babana. Innata kuwa Bafillatana ce daga wata ruga a wajen Burkusuma. Baba ya gan ta tana tallar nono ya aure ta, uwarsa ba ta so ba. Ranar sunana wanzami ya zo da askarsa, Inna ta rungume ni ta shige ɗaki, ta ce ba mai yanka mata fuskar ɗiya. Baba ya sallami wanzami. Kaka ba ta yafe ba, kuma da yake ba ta iya taɓa Inna, sai ta huce a kaina.

Sunana Saratu, amma ban taɓa jin sa a bakinta ba. "'Yar ruga" take ce mini. Mutane suna dariya, a zatonsu wasan kaka da jika ne. Ni da ake yi wa na san ba wasa ba ne. In ta tono gujiya, ƙonanniyar ce tawa.

Ta iya tatsuniya, ba za ni hana mata wannan ba. Takan gyara zama ta ce, "Ga wata nan tahe, wa ka tarbe ta?" Mu amsa, "Mu na!" Daga nan ko tari ba ka ji.

Ina shekara goma sha ɗaya, bayan an gama girbin gero, ta ba mu ta zabuwa. Wai wani manomi ne ya tsinci ƙwai a gona, ya sa wa kazarsa cikin nata. Aka ƙyanƙyashe, kaza ta rene su duka. Da suka tasa, ɗaya ta fito da zane-zane a jiki, kukanta daban, tafiyarta daban. 'Yan uwanta suka dinga saran ta. Ran nan ta ji kukan zabi daga daji, ta yi fir ta bi su. Su kuma suka kewaye ta suna shinshina, suka ce warin akurki take, suka kore ta. Ta dawo gida, kaji suka ce ai wadda ta fita ta fita. Sai ta hau kan danga ta tsaya, tana leƙen gida tana leƙen daji, har shaho ya sauko ya sure ta.

"Nan na aje ta," in ji Kaka, "mai ita ya ɗauka." Ni take kallo. Sauran ma duk suka juyo.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ƙarya ta! Zabuwa tana tashi sama, kaza ba ta iyawa. Shaho kaji yake ɗauka."

Ba a taɓa ƙaryata Kaka Ige ba, ko Baba bai isa ba.

"Mi kika ce?" Ta zaro karan da ke ci da wuta ta nuna ni da shi. "Ke da ba ki da shaida ko guda a huska, ke za ki gyara man magana? Gobe za ni aika a kira wanzami. Ko ki zama tamu, ko ki bi uwarki."

Ashe Inna tana bayan zana tana ji. Ta fito ta kama hannuna. "Iya," ta ce, "shekara goma sha biyu ina haƙuri. Ɗiyata ta. Wanda ya taɓa ta, ni ya taɓa."

"To ki kwashi abinki. Ƙohwa a buɗe take."

Baba yana zaure, ya ji komai, bai shigo ba. Har yau wannan shirun nasa ya fi yi mini ciwo.

Washegari muka hau babur sai Burkusuma. A hanya murna nake, na ɗauka wurin nawa za ni. Wata huɗu muka yi a ruga. Ban iya tatsa ba, saniya ta shure ƙwarya sau biyu. Fulatancina ya karkace, 'ya'yan kawuna suna kwaikwayona suna faɗuwa don dariya. "Ɗiyar Kaɗo" suka raɗa mini, wato ɗiyar Bahaushe. Ba ƙyamar ce ta fi ƙona ni ba, a'a, ganin rabin tatsuniyar tsohuwar nan ya tabbata. Na tsane ta a watannin nan fiye da lokacin da nake gabanta.

Baba ya zo biko, aka sasanta. Muka dawo da sharaɗin ba wanzami, kuma za a mai da ni makaranta. Ban sake zama gindin murhun ba. Ina jiyo muryarta daga ɗakinmu, na toshe kunne na buɗe littafi. Har ta rasu ba mu shirya ba. Ina yi mata addu'a saboda wajibi ne, ba don zuciyata ta huce ba.

Yau ina koyar da adabi a wata makarantar 'yan mata a Isa. Kowace shekara muna nazarin littattafan nan na labarin tasowa, inda yaro ko yarinya ke fita daga gida, a sha wuya, a gane kai. Kusan duka akwai wani dattijon kirki da ke nuna hanya. Ni dattijuwata tare mini hanya ta yi, kuma da turjewa na san abin da ba za ni yarda a mai da ni ba. Sai dai sanin bai raba ni da tambaya ba. Yanzu da zaman lafiya ya yi ƙaranci tsakanin gari da daji, a cikin motar Sakkwato ma sai wani ya ƙare mini kallo ya ce, "Malama, ke ta ina ce?" Na san abin da yake nufi. Nakan ce ta nan ce, in ƙi ƙarawa.

Shi ya sa ba na sassauta wa ɗalibaina. Makon jiya wata ta rufe jingarta da cewa a ƙarshe jaruma ta gane ko ita wace ce, hankalinta ya kwanta. Rubutun ya yi kyau, na ba ta maki mai yawa. Amma na ja layi ƙarƙashin jimlar da jan biro, na rubuta a gefe: "Ganewar na yarda. Wa ya faɗa miki hankalinta ya kwanta?"