Guɗar da ta Kori Ruwa

A Gidan Jibo, wani ƙauye can bayan Dogon Kiriya, ba a shigar da amarya ɗaki sai an jira Lantana. Ita ce mai guɗar garin, gado ta yi wurin uwarta. In ta kama hanci ta saki murya, har makiyayan da ke burtali sai sun san an yi abin arziki. Sauran rayuwarta kuwa jaki ne da jarkoki. Tun tana budurwa take zuwa rijiyar garin maƙwabta, ta fita da sassafe ta dawo rana tsaka, har gwiwoyi suka fara yi mata gardama.

Shi ya sa ranar da aka ce an gama shato, tankin ruwan nan na sama, ba sai da aka roƙe ta ba. Ta ɗaura zanen sallarta ta tsaya gaba. Wani mai babbar riga ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, Lantana ta rangaɗa guɗar da ba ta taɓa yi wa wata amarya ba, hawaye na bin kuncinta. Aka ɗauki hoto, aka ci kaji, motoci suka tafi. Washegari famfo ya yi tari ya yi shiru. Ashe motar ruwan da ta zo jajibiri, wadda aka ce musu wanke tanki za ta yi, ita ta cika shaton. Ramin da aka haƙa ko laima bai kai ba. Wannan ya wuce sata, rainin wayo ne: a cinye ruwanka, kuma a sa ka yi guɗa.

Lantana ta koma ga jakinta, shekaru suka yi ta tafiya. Bana wata ƙungiya mai haƙa rijiyoyi ta turo ma'aikaciyarta, Samira, ta tantance garuruwan da ba su da ruwa. Mata suka kewaye ta. Ta buɗe wani shafi a wayarta, inda ake baje kwangilolin gwamnati don kowa ya gani, sai fuskarta ta sauya, ta dubi Lantana.

"Inna, nan an rubuta garinku na da ruwa. An gama aiki, an karɓa, an biya. Ga ma hoto."

Lantana ta leƙa. Ita ce, hannu a hanci, ruwa na zuba a gabanta.

"Ɗiyata, taho ki murɗa shi da hannunki, ki ga abin da anka yi muna."

Samira ta je. Zanzaro ya riga ya yi gini a bakin famfon. Ta ce wallahi za ta kai rahoto, amma manyanta ba sa haƙa wa garin da shafi ya ce yana da ruwa, gyaran rubutun kuwa sai an bi biro-biro, ofis bayan ofis, su kuma kafin damina za su gama. Madalla da baje komai a faifai, amma wa ya taka ƙafa ya zo ya murɗa famfon kafin a rubuta? Ƙarya ce aka yi wa wanka aka zaunar a gaban duniya.

"Sunan wanda ya ci aikin na ciki?" in ji Lantana.

"Yana ciki, Inna. Alhaji Sadiƙu."

Duk shekarun nan ba wanda ya yarda ya gaya mata. Ta sa aka maimaita har ya zauna mata, kuma tun ranar ba ta jan guga ba ta ambace shi ba, ba kuwa da alheri ba.

Motar haƙa ta zo, ta ratsa ta tsakiyar Gidan Jibo ta wuce gari na gaba. Lantana na bakin hanya da jarkokinta, ta bi ta da ido har ta ɓace.

A satin aka yi bikin jikarta Bushira. Aka kawo amarya ƙofar ɗaki, kowa ya juyo yana jira. Lantana ta kai hannu hanci, ta daɗe a haka, sannan ta sauke.

"Ku nemi wata," ta ce. "Tawa guɗar na can cikin waya, tana ba ɓarawo shaida."