Yaya Dije da Mutanen Cikin Littafi

Ku da kuka san Yaya Dije kun san ba ta taɓa ƙarasa sallama ba. Tun daga zaure za ka ji: "Salamu alai... ke Hajiya, wallahi yarinyar nan ba ta da hankali!" Kafin in ce wace yarinya, ta riga ta zauna a kan tabarmata, ta zaro littafi daga cikin mayafi. Ashe yarinyar a shafi na tsakiya take.

Tsohuwar ungozoma ce, ni kuma tsohuwar malamar firamare. Mazajenmu sun rasu, 'ya'ya sun watse Abuja da Kaduna, sai aka bar mu a Ƙofar Ran mu biyu da littattafan labari. Matsalarta ɗaya, ba ta bambanta mutanen littafi da mutanen unguwa.

Wata rana muna tsakar gidana ta ɗaga murya: "Alhaji Sambo mugu ne! Ya sayar da gonar ƙaninsa, ya zo yana kuka a wajen makoki!" Ashe maƙwabciyata tana shanya a bayan katanga. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa. To, akwai Alhaji Sambo na gaske, mai sayar da kayan gini. Sai ga shi a ƙofar gida, hula a karkace, yana huci.

"Hajiya Dije, me na yi miki?"

"Ai ba kai ba ne, Alhaji, na littafi ne." Ta ɗaga masa littafin. Ya sauke ajiyar zuciya, ya juya zai tafi, sai ta ce, "Amma tsaya. Yadda ka zo a guje ɗin nan, ina gonar ƙaninka?"

Kai jama'a! Shekara guda bai gaishe mu ba.

A wajenta, littafi sai na da. Waɗanda muka karanta muna 'yan mata, masu sarakuna da 'yan fashi da aljanu. Na yanzu da ake rubutawa a waya kuwa, cewa take, "Kowa a cikinsu ɗan mai kuɗi ne, kowa dogo ne, kowa yana da ciwon zuciya. Ba mai zuwa kasuwa a cikinsu?" Idan na ce wasu suna da ma'ana, sai ta ce idona ne ya tsufa.

Ana nan muka je biki a GRA. Ana ta kiɗa, na neme ta na rasa. Can na hango ta bayan motoci, a kan kujerar roba, tabarau a kan hanci, waya a hannu, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Yaya, wa ya rasu?"

Ta kife wayar a cinya. "Bincike nake yi."

"Binciken me? Ba littafin da kika zaga jiya ba ne?"

"Shi ne. Sai na kai ƙarshe in tabbatar ba shi da kyau."

"To kukan fa?"

"Takaicin rubutun ne!"

Ranar da ta fi ba ni kunya kuwa a Yelwa ne. Ɗalibai masu taron karatu suka gayyace mu, har da marubuciyar littafin da za a tattauna, wata yarinya mai kunya. Kowa ya miƙe ya yaba. Da aka zo kan Yaya Dije, ko miƙewa ba ta yi ba.

"'Yata, direban nan da kika kashe a ƙarshe, me ya yi miki?"

"Mama, labarin ne ya buƙaci haka."

"Labarin ne ya riƙe biro, ko ke? Mutum mai yara ƙanana! Wa zai riƙe su?"

Ɗaki ya ɗauki dariya, Yaya Dije kuwa ko murmushi. A cikin keke muna dawowa, da muka wuce kasuwa sai ta ce, "Yarinyar nan ta iya. Kar ki gaya mata." Washegari ta aika mata dambun nama.

Da ciwo ya kwantar da ita a asibiti na je dubiya. Ta rame, muryar ta yi ƙasa, amma ta fara: wai wani tsohon littafi da muka daɗe muna faɗa a kansa, matar da ke ciki ce mai laifi, ba mijin ba. Na dubi hannunta da allurar ƙarin ruwa, na ce, "Gaskiyarki, Yaya."

Ta zuba mini ido. "Hajiya, me likita ya gaya miki?"

"Babu komai."

"Ƙarya kike. Tunda muke ba ki taɓa cewa gaskiyata ba."

Sai na ce mijin ne mai laifi, kuma ita ba ta fahimci littafin ba tun farko. Muka kaure har nas ta leƙo ta ce mu rage murya. Yaya Dije ta koma kan matashi tana haki, tana dariya. Mako bai zagayo ba Allah ya karɓi abarsa.

Yanzu ina karatu, amma ba wanda zan gaya wa. Idan na faɗa wa jikokina ra'ayina a waya, sai su ce, "Haka ne, Hajiya." Kwanan baya na kai wani wuri a wani sabon littafi da ya ƙona mini rai, na zari mayafi na fita. Sai da na tsayar da keke, mai keken ya ce, "Ina zuwa, Mama?" Sai a lokacin na tuna Yaya Dije ba ta nan. Na ce ya yi haƙuri, na koma gida.

Allah ya jiƙan Yaya Dije, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta. Jariran da ta karɓa da hannunta, Allah ya sa su zame mata sheda ta alheri. Mu kuma da muka rage, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.