Ɗanasabe da Motar Albasa

A shekarar 1997 na fara sanin Ɗanasabe, shekarar da aka mayar da ni koyarwa wata firamare a Jega. Ina da tsohuwar mota a lokacin, fitilarta ta baya ta daina kamawa, aka nuna mini rumfarsa a bayan tasha. Mai wayarin mota ne, mutumin Gumbin Kure, siriri, ba ya son gaggawa. Babban kayan aikinsa wani ƙwan fitila ne da ya ɗaura wa waya biyu, yana taɓa wuri da shi ya ga ko akwai wuta. Motar ta daɗe da barin hannuna, amma bencin rumfar ban bar shi ba har na yi ritaya.

A makarantar mishan da na yi an saba mana da tambayar dalilin abu, shi kuwa ba ya gajiya da amsawa muddin hannunsa na aiki. A wurinsa na gane cewa wutar fitilar baya tafiya take yi ta dawo. Tana fita daga batir, ta bi ta fis, wato ɗan siririn ƙarfen da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa don kada waya ta kama, sannan ta iso makunnin da ke jikin sitiyari. Direba na murɗa shi, sai ƙananan fitilun gaba na fakin, da jajayen baya, da ta lamba su kama tare. Komawarta ce ta fi ba ni mamaki. Babu doguwar waya da ke mayar da ita batir. Ƙarfen motar kansa ne hanya, 'yar gajeriyar waya kawai ake ɗaurewa da noti a jikinsa. Ƙwan baya kuma zare biyu ne a cikinsa, mai dishi-dishi na fakin da mai haske na birki, amma hanyar komawarsu ɗaya ce.

Bara waccan, a kakar albasa, wani direba mai suna Tamu ya shigo da a-kori-kura. Motar Alhaji Ɗalha ce, dillalin albasa a Aliero, da ita Tamu ke ciyar da iyalinsa. Ya ce da magariba, kusa da Maiyama, wani mai babur ya buge motar ta baya har mai babur ɗin ya karye a hannu, kuma mutumin ya rantse bai ga ja ko ɗis ba. Tamu ya rantse shi ma ya kunna.

Ɗanasabe ya duba fis, ya duba ƙwai, ya bi waya har baya. Aka kunna, ta kama. Aka taka birki, ta ƙara haske. Bayan 'yan kwanaki Tamu ya dawo da ƙorafi iri ɗaya, ta sake kamawa tas. Da Alhaji ya bugo waya, Ɗanasabe ya faɗa masa abin da ya gani: lafiyarta lau.

Wannan maganar ce ta kayar da Tamu. Alhaji ya ce ashe sakaci ne, ga ƙarya a kai, don haka Tamu ya yi lodin ƙarshe ya ajiye makulli.

"Baba, kai kaɗai za ya yarda da maganarka," in ji Tamu, "kai kuwa ka ce ni am maƙaryaci."

"Ban ce ba."

"Ka ce lafiyarta lau. Mi ya rage?"

Bayan ya tafi Ɗanasabe ya daɗe yana juya ƙwan gwajinsa. Can ya ce, "Malam, kullum da yaya yaron nan ke kawo ta?"

"Da ƙafafunta huɗu," na ce.

"Wofi yake kawo ta. Ban taɓa ganin ta da kaya ba."

Ranar lodin ya rufe rumfa bayan azahar, muka hau babur ɗan haya zuwa Aliero, ni don son ganin ƙarshen abin. Bai taɓa motar ba. Ya samu buhu ya zauna yana kallon 'yan lodi. Su kuwa suna da yadda suke yi: in bodi ya cika, sai su kwantar da murfin baya, su shimfiɗa sanduna, su ƙara jerin buhuna a kai. Daga nan su zagayo da igiya ta ƙarƙashi, su maƙala ta a duk ƙarfen da hannu ya samu, mutum ya dafa taya da ƙafa ya ja iya ƙarfinsa.

"Baba, ko sana'a za ka sake?" wani cikinsu ya tambaya.

"In kuna ɗaukar tsofaffi. Ja dai, ɗan nan."

Da suka gama ya ce Tamu ya kunna fakin. Jajayen suka kama, amma kamar garwashin da toka ta rufe. Ya ce ya taka birki. Suka mutu gaba ɗaya.

Ya kwanta a ƙasa ya shiga ƙarƙashi, ni ma na durƙusa iyakar yadda gwiwa ta yarda. Ƙarfen da suka maƙala wa igiyar, a jikinsa wayar komawa take. Notinsa ya yi tsatsa ya saki. In mota wofi ce, ƙarfen na kwance a jikin bodi, wuta ta wuce. In an ja igiya sai ya ɗaga kaɗan, hanyar ta yanke. Ɗan hasken da muka gani, wutar ce ke laluben hanya ta cikin zaren birki. Ana taka birki, nan ma ya toshe.

Bai gyara nan take ba. Ya aika a kira Alhaji daga inda ake auna buhuna, ya tsayar da shi a bayan motar. Ya sa aka sassauta igiya, fitila ta kama. Ya sa aka ja, ta dusashe.

"Ba kai ka ce mini lafiyarta lau ba?" in ji Alhaji.

"Ni na faɗi. Wofi na duba ta. Yaron ga ya kunna fitilarshi."

Sannan ya kankare wani wuri can ciki inda igiya ba ta kaiwa, ya ɗaura sabuwar waya. Na tambaye shi me ya hana a gaya wa 'yan lodi su sake maƙali. Ya ce gobe wasu ne za su yi lodin.

Alhaji ya zagaya motar, ya sa aka sake taka birki. Bai ce wa Tamu ya yi haƙuri ba. Ya dai ce, "In ka sauke ka dawo da wuri, akwai wani lodin jibi."

Bashin magana ne ke kan Ɗanasabe, kuma a gaban wanda ya faɗa wa ta farko ya biya shi. Bai sake tayar da zancen ba. Ya dai ce wa mai babur ɗin da ya kawo mu kada ya wuce motar, muka biyo bayanta a hankali har mararrabar Jega, inda Tamu ya taka birki, jajayen suka ƙara haske, ya karya kwana ya nufi Maiyama.