Rigar Magajin Gari da Baƙin Mai

Ɗan farina ba na kama sunansa, haka muka tarar iyayenmu na yi, don haka "yaron nan" zan ce, ko da yake yanzu furfura ta cinye masa gemu. Shi ne ya tafi Amurka karatu, ya zauna can, har mutanen wani ƙaramin gari suka zaɓe shi magajin garinsu.

Labarin ya same ni a nan Doha, gidan ƙanwarsa likita, a unguwar Matar Ƙadim. Allah sarki wancan gida! Bene ne tsoho, a ƙasansa akwai mai gasa burodi, ƙamshinsa ke tashe mu da safe. Falon ɗan ƙarami ne, amma ran Juma'a duk wanda ya yi kewar tuwo ya san hanya: nas-nas 'yan Filato, injiniyoyi 'yan Kano, kowa ya cire takalmi ya nemi gefen tabarma. Wannan Juma'ar waina na yi da miyar taushe, ana ta shigowa yi min barka.

Cikin masu barka har da ɗan ƙanena, bakanike ne a Sanaiya, unguwar gareji da ma'aikata. Mai garejin da yake wa aiki ya takura masa, duk ya rame. Na dube shi a gaban jama'a na ce, "Tattara sifanarka. Ɗan'uwanka ya zama mai gari, motocin garin nan duk kai za ka gyara. Ni na faɗa." Aka ce amin. Ya koma ya gaya wa abokan aikinsa, ya gaya wa matarsa a gida.

Da na kira yaron nan a waya, sai ya ce, "Inna, ba zai yiwu ba." Wai a can idan magajin gari ya ba ɗan'uwansa aiki, bincikensa za a yi, kujerar ma a karɓe.

Na ce, "To wace irin sarauta ce wannan? Inuwar giginya, na nesa ka sha?"

Ya ce, "Amana ce, Inna."

Na ce, "Maganata fa? Ita ba amana ba ce?"

Baki ban yi masa ba, Allah ya kiyaye. Amma daga ranar na daina rufe waya da "Allah ya yi maka albarka". Mu gaisa, in tambayi yara, in ce sai an jima. Ya gane, ni ma na san ya gane. Haka muka yi ta tafiya shekaru. Ƙanwarsa takan ba ni labarin aikinsa, ina tsinke alayyahu kamar ba na ji: ya sa an canja bututun ruwan garin da suka ruɓe, ya hana a rufe ɗakin karatun yara, wata tsohuwa ta tare shi a kanti ta yi masa tatas saboda ƙanƙara ta toshe mata hanya, shi kuma ya tsaya yana ba ta haƙuri. Wannan na ƙarshen ya yi min daɗi, sai dai ban nuna ba.

Da wa'adinsa ya kusa ƙarewa, aka nemi ya tsaya takarar majalisar gunduma, wadda ke kula da garuruwa da yawa har da nasa. Ya ce ba zai tsaya ba sai da albarkata. Sai ga shi a Doha, ya durƙusa a gabana.

Na ce, "Maganar nan ba a hannuna take ba. Alkawari wanda aka yi wa shi ke saki. Ka tafi Sanaiya da ƙafarka."

Na ciro farar shadda da na sa aka ɗinka masa tun ranar da ya ci zaɓe, na ce ya sa. Ƙanwarsa ta tuƙa mu da hantsi, zafi kamar ana hura maƙera. Muka tarar da ɗan ƙanena kwance a ƙarƙashin mota. Taubasai ne, ɗan namiji da ɗan mace, ba sa haɗuwa sai da tsiya.

Ya leƙo ya ce, "Wa nake gani haka? Bawana ne ya zama sarki?"

Yaron nan ya ce, "Fito mana, ubangida, kar motar ta faɗo a ce ni ne."

Aka yi dariya. Sannan ya tsuguna a ƙasan garejin nan, shadda na shan baƙin mai, ya ce, "Inna ta yi maka alkawari da sunana, ni kuma ba zan iya cikawa ba. Na zo ka sake ta."

Dariya ta ɗauke. Ɗan ƙanena ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Ya ce, "Ka san sunan da ake kirana a nan? Ɗan Amurka. Har masu kawo shayi."

"Na sani. Ka yafe."

"Kai ka cika taurin kai tun muna yara." Ya jefar da tsumman, ya rungume shi da hannuwan nan nasa biyu, ya waiwayo gare ni. "Khalas, shi ke nan, Gwaggo. Na sake ki."

A nan, tsakanin tayoyi da ƙarar guduma, na ɗora hannu a kan yaron nan na faɗi abin da na daɗe ina riƙewa. Ya ce amin.

Ya ci kujerar gundumar, ya yi iya nasa, yanzu ya sauka yana renon jikoki. Mu ma mun bar Matar Ƙadim, kuma masu zuwa tuwon Juma'a da yawa sun koma gida. Ɗan ƙanena dai yana zuwa, har yau Ɗan Amurka ake ce masa, shi ma ya saba yana amsawa. Rigar tana cikin akwatina, da shatin hannu biyu a bayanta. Ƙanwar yaron nan ta so kai ta wanki, na ce wanda ya taɓa ta ni da shi ne.