Faratan Gumsu Mai Ƙunshi

Kowa a unguwar Umarari ya san Gumsu mai ƙunshi. Tun tana budurwa take zana wa amare lalle, hannunta kullum cikin ruwa da kwaɓi, har faratanta suka kamu da ciwo. Suka yi kauri, suka fara marmashewa kamar busasshen burodi. Matan da take yi wa 'ya'yansu kwalliya suka koma duban yatsunta suna janye hannu, wai kada a shafa wa amarya. Suka kwashi cinikinsu zuwa wajen Suwaiba, wadda ko layi ba ta iya ja a miƙe ba. Abin ya ci wa Gumsu rai, ga bikin 'yarta Aminat ya matso, kuma ta rantse ita za ta yi mata ƙunshi.

Sai ta ji an kawo na'urar leza wani asibitin kuɗi a Gomari, mai ƙone cutar da haske, ta ɗan lokaci kafin a mayar da ita Abuja. Ta kira, aka ba ta rana. Matar da ta ɗauki wayar ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

To, wace mace ce a Maiduguri za ta miƙa wa baƙon namiji farin hannu ba lalle, balle irin wannan? Gumsu ta zauna ta dafe faratan da jan lalle har suka yi baƙi.

Ranar da ta je asibitin, likita ya juya yatsunta, ya girgiza kai. "Hajiya, lallen nan zai zuƙe hasken ya ƙona ki. Sai sabon farce ya fito."

"A kankare mana."

"Ya shige ciki. Watanni zai ɗauka."

"Ku da kuka kawo na'ura garin lalle, ba wanda ya iya buɗe baki ya ce kada a sa lalle?"

Sai ya ba ta haƙuri. Haƙurin nan ya fi komai ƙona mata rai.

Ta iso gida tana huci, tana faɗa wa Aminat cewa da leza da babu leza, ƙunshin biki nata ne. Aminat ta sunkuyar da kai tana murza gefen gyale.

"Mama, dangin ango sun yi magana. Na riga na faɗa wa Suwaiba ta zo."