Robar Ɗaurin Ƙwai

Shekara ashirin da biyu yayana ya yi yana raba ƙwai a keke, daga gonar kaji zuwa shagunan saman tudu. Ba ya makara, ba ya zaman hira, kuma ba ya jin magana. Wannan na ukun shi ne ya ishe ni.

Da gwiwoyinsa suka fara ciwo, 'yarsa ta saya masa keke mai giya, wai ya huta a hawa. Daga ranar hutu ya ƙare. A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau. Amma da ya kama tudun nan, ya miƙe tsaye ya danna feda da ƙarfi, sai ka ji ƙarau, sarƙa ta tsallake zuwa wata giyar ita kaɗai, ƙafarsa ta zurma, kiret ɗin sama ya zame. Sau biyu yana wanke titi da ƙwai. Mai gonar ya ce in aka yi na uku, ya nemi wani aikin.

Masu gyara uku ya zaga. Na farko ya canza sarƙa. Na biyu ya ce haƙoran giyar baya sun cinye, ya canza su. Na uku ya hau keken, ya haye tudun a tsaye, ya dawo yana haki.

"Baba, keken nan lafiyarsa ƙalau."

Yaya ya ce duk bakinsu ɗaya. Kuma kullum babu kaya a kai yake kai musu keken.

Ni na gano abin wata safiya ina shara. Da doguwar roba yake ɗaure ƙwansa, ya jawo ta daga kariyar ɗora kaya ta baya ya naɗe ta sau uku a ƙarfen ƙarƙashin kujera, daidai inda wayar giya ta bi.

Na ce, "Yaya, robar nan ta haɗa da wayar giya. In ka miƙe kaya suka yi baya, ai jan ta take yi."

"Ke ce za ki koya min keke? Tun ba ki yi aure ba nake ɗaurin nan."

"Tsohon keken ba shi da waya a wurin!"

"Je ki ƙarasa shararki."

Haushi ya sa na yi wurgi da tsintsiyar. Kafin azahar sai ga shi yana turo keke, wandonsa duk kwanduwa. Mai gonar bai ko bari ya yi bayani ba, ya sallame shi.

Washegari da sassafe na leƙa ta taga. Ya ɗora bulo huɗu a kariya, ya ɗaure su a nan kawai, robar ba ta taɓa waya ba. Ya haye tudun sau uku a tsaye, ko ƙas giyar ba ta yi ba. Ya dawo ya sauke bulon, bai kalle ni ba, ya ce in ba shi ruwa.

Na ba shi. Keken yana nan jingine a tsakar gida, lafiyarsa ƙalau, babu abin da zai ɗauka.